Bayan tiyatar sankarar mama: yaya za a kai kulawar farfaɗowa ga matan da babban asibiti ya yi wa nisa?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibiti. Matan da aka yi wa tiyatar sankarar mama a babban asibiti suna dawowa wurinmu, wata hannunta a kumbure, wata ba ta iya ɗaga hannu ta taje gashinta, wata kullum gajiya. Babu likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, kusa da mu, kuma yawancin matan ba su da halin yin zirga-zirga. Me za mu iya yi da abin da ke hannunmu, me kuma ya kamata mu nema daga hukuma?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kaso mafi tsoka na aikin da matan nan ke buƙata ana iya yinsa da tef ɗin awo, da littafin rajista, da ma'aikaciya ɗaya da aka koya wa aikin aka kuma ɗora mata alhakinsa. A wuri uku abin ke lalacewa: ba a auna hannu kafin tiyata, ba a koya wa mace motsa kafaɗa a makon farko, sannan idan aka sallame ta babu wanda zai neme ta sai ta kawo kanta, lokacin da hannun ya riga ya yi tauri. Likitan fisiyo yana da nasa gurbin, za mu zo kansa, amma jiran sai an same shi, shi ne ke sa mata da yawa su rasa kulawar da ba ta buƙatarsa.

Girman abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, ta kuma kashe kusan 670,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna rayuwa shekara biyar bayan gano ta, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Ko a cikin ƙasa ɗaya akwai rata: a Amurka mutuwar baƙaƙen mata daga wannan cuta ta ɗara ta fararen mata da kusan kashi 40. Matan da ke zuwa asibiti a makare su ne aka fi yi wa babbar tiyata, a cire maman gaba ɗaya, a kwashe kaluluwar hammata, a kuma haska wurin da na'urar radiyoterafi mai ƙona ƙwayoyin sankara. Ke nan waɗanda suka fi buƙatar farfaɗowa su ne suka fi nisa da ita.

Me ke kumbura hannun

A hammata akwai 'yan ƙwayoyin kaluluwa da ruwan limfa na hannu da ƙirji ke bi ta cikinsu kafin ya koma jini. Idan aka cire su, ko haske ya ƙona hanyoyin suka yi tabo, ruwan yakan rasa mafita ya taru a ƙarƙashin fata. Ruwa ne mai ɗauke da furotin, shi ya sa idan ya daɗe yakan jawo kitse da tauri, hannun ya daina lotsawa. Wannan shi ne limfidima. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2013 ya nuna kusan mace ɗaya cikin biyar na samunsa. Ga wadda aka kwashe wa hammata haɗarin ya kai kusan kashi 20, ga wadda aka cire wa kaluluwar farko kawai don gwaji bai wuce kashi 5 zuwa 6 ba. Ƙiba da ciwon fata na ƙwayoyin cuta suna ƙara haɗarin. Yawanci yakan bayyana cikin shekara biyu zuwa uku na farko, amma yana iya zuwa bayan shekara goma.

Matakinsa na farko ba a ganinsa da ido. Mace za ta ce hannun ya yi mata nauyi, zobe ya matse, hannun riga ya ɗame a ɓangare ɗaya. Daga nan sai kumburi mai lotsawa wanda ke sacewa idan ta kwana da hannun a kan filo. Bayansa sai wanda ba ya sacewa, sai kuma na ƙarshe inda fata ke kauri ta yi gautsi. A matakai biyun farko ana iya dawo da hannun kusan yadda yake. Bayan haka sai dai a rage, a kuma riƙe shi har ƙarshen rayuwa. Duk dabarar tana cikin kama shi da wuri, kuma ba za a kama shi ba sai an san yadda hannun yake tun asali.

Awon hannu

Tun ran gini ran zane. A auna hannaye biyu kafin tiyata, domin hannun da mutum ya fi aiki da shi dama yakan ɗara ɗayan kauri, kuma in babu awon farko ba za ki san ko bambancin da kika gani sabo ne ko tsoho ba. Idan mace ta zo miki bayan an riga an yi tiyata, ki auna a ranar da kika fara ganinta, shi ne zai zama ma'auni.

Ta zauna, ta miƙe hannu a kan tebur, tafin yana kallon ƙasa, a cire agogo da awarwaro. A yi amfani da tef marar talewa, siriri, kuma tef ɗaya kullum. Hanya mai sauƙi ita ce wuri huɗu: kewayen tafin hannu a gindin yatsu, wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da ƙashin gwiwar hannu, da santimita 10 sama da shi. Ki ɗiga alama da biro kafin ki zagaya tef. Tef ɗin ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba, a nan ne masu awo suka fi kuskure, domin jan tef kaɗan yana cinye rabin santimita. Ki auna sau biyu, in sun saɓa da fiye da rabin santimita ki sake. Ƙarin santimita 2 a wuri guda, idan aka gwada da ɗaya hannun da kuma awon farko, alama ce da ba a wasa da ita.

Wadda ke son awo mafi inganci sai ta auna kowane santimita 4 daga wuyan hannu har zuwa hammata. Lissafin ba shi da wuya: ki ninka kowane awo da kansa, ki raba da 3.14, ya ba ki girman wannan yanki a mililita. Kewaye mai santimita 25 zai ba da 625, a raba, a samu kusan mililita 199. Ki tara na dukkan yankuna, ki yi haka ga ɗaya hannun. Ƙarin kashi 10 cikin 100 shi ake ɗauka limfidima. Tsakanin 5 da 10 kuwa wurin fara ɗaukar mataki ne, musamman in tana kukan nauyi. Dalilin auna hannu biyu a kowane zuwa shi ne mace na iya yin ƙiba ko rama lokacin magani, hannayen su sauya tare, kada a ɗauki wannan a matsayin kumburi.

A maimaita awon wata ɗaya bayan tiyata, sannan duk wata uku a shekarar farko, duk wata shida a shekara ta biyu da ta uku, daga nan sau ɗaya a shekara. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya bi mata da aka auna tun kafin tiyata, waɗanda hannunsu ya fara ƙaruwa kaɗan aka sa musu safar matsi ta kimanin mako huɗu, kumburin ya koma. Mako huɗu na safa ya fi shekaru na bandeji sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafaɗa

Wannan shi ne inda ƙaramin asibiti zai fi yin tasiri, kuma shi aka fi sakaci da shi. Mace ta fito daga tiyata tana tsoron ɗinki ya ɓalle, sai ta manne hannu a ƙirji kamar mai karaya, 'yan'uwa su ce kada ta motsa. Cikin mako uku kafaɗa ta sandare.

Daga washegarin tiyata ta fara dunƙule hannu tana buɗewa, ta juya wuyan hannu, ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta ɗaga kafaɗu ta juya su baya, ta ja dogon numfashi. A makon farko, ko har a cire robar da ke zuƙe ruwa daga wurin aikin, hannu ya tsaya a daidai tsayin kafaɗa, kada ya wuce. Wuce hakan da wuri yana ƙara taruwar ruwa a ƙarƙashin ɗinki. Bayan an cire robar sai a buɗe mata hanya. Ta tsaya tana fuskantar bango, ta hau shi da yatsu sannu a hankali har inda ta ji ja, ta tsaya daƙiƙa goma, ta sauko. A ja layi da alli a inda ta kai, domin ganin layin yana hawa mako-mako ya fi duk wata nasiha ƙarfafa gwiwa. Ta kwanta rigingine ta riƙe sanda da hannu biyu, lafiyayyen hannun ya ja ɗayan zuwa saman kai. Ta sa hannaye a ƙeya ta buɗe gwiwoyin hannu zuwa gefe. Ta kai hannu baya kamar mai ɗaure rigar mama. Kowanne sau biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana. Jin ja daidai ne, zafi mai soka ba daidai ba ne. Ana sa ran cikin mako huɗu zuwa shida hannun ya kai sama kamar ɗan'uwansa. Wadda aka yi wa aikin sake gina mama ta bi umarnin likitan da ya yi aikin, domin nata dokokin daban ne.

A Ingila an gwada irin wannan tsari a kan mata 392 a asibitoci 17, aka wallafa sakamakon a 2021. An fara daga kwana bakwai zuwa goma bayan tiyata, da zama uku zuwa shida kacal da likitan fisiyo, sauran a gida. Bayan shekara guda hannayen waɗanda suka bi tsarin sun fi na waɗanda ba su bi ba aiki, ciwo ya fi sauƙi, matsalar ɗinki ko kumburi ba ta ƙaru ba, kuma kuɗin da tsarin lafiya ya kashe a kansu ya fi ƙanƙanta.

Akwai hujja ɗaya da ya kamata ki riƙe idan za ki yi magana da shugabanni. A kan gadon radiyoterafi mace takan kwanta da hannu a saman kai, ba motsi, kullum, na tsawon makonni. Wadda kafaɗarta ta sandare ba za ta iya ba, sai a ɗage mata lokaci, jinkirin kuma yana taɓa maganin cutar kanta. Bayan an gama hasken ma tsokar ƙirji takan ci gaba da ɗaurewa na watanni, don haka miƙewar ba ta tsayawa ranar da aka gama.

Abu biyu kan tsorata mata. Na farko wata igiya da ke fitowa a hammata makonni kaɗan bayan tiyata, ana ganinta idan an ɗaga hannu, wani lokaci har gwiwar hannu ko wuyan hannu. Hanyoyin limfa ne suka yi tauri, ba cutar ce ta dawo ba. Miƙewa a hankali da ɗumi kaɗan ke sakinta, wani lokaci a ji ta yi ƙas, ba komai. Na biyu mutuwar fata a cikin damtse ta ɓangaren hammata, saboda wata jijiyar ji da ake yawan yankewa a aikin. Ki gaya musu tun da wuri, kuma su kula da ruwan zafi a wurin tunda ba za su ji ƙuna ba. Ruwan da ya taru ƙarƙashin ɗinki kuwa, in bai matsa ba jiki zai shanye shi, in ya yi tauri yana ciwo likita ya zuƙe da allura mai tsabta.

Idan hannun ya riga ya kumbura

Maganin yana da ƙafa huɗu: kula da fata, matsi, motsa jiki, da tausar limfa. Idan kayan aiki da lokaci ba su isa duka ba, a fifita matsi da fata. Tausar tana ƙara ɗan amfani ne a kan bandeji, ba ta maye gurbinsa, ko da yake ita ce ta fi shiga ran mutane. Kuma ba tausa ce mai ƙarfi ba, ɗan jan fata ne da tafin hannu, a fara daga wuya da ƙirji da lafiyayyar hammata don buɗe hanya, sannan a sauko hannu. Murza mai ƙarfi tana ƙara kumburi.

Bandejin yana da hawa-hawa. A wanke hannu, a busar, a shafa mai marar turare. A zura safar auduga mai laushi. A naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya da siririn bandeji, a bar bakin farce a buɗe. A shimfiɗa auduga ko soso, a ƙara a lanƙwasar gwiwar hannu da wuyan hannu. Sannan bandeji mai gajeren talewa, mai faɗin santimita 6 a tafi, 8 a ƙasan gwiwar hannu, 10 zuwa sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Matsin ya fi ƙarfi a ƙasa, yana raguwa zuwa hammata. In aka juya wannan, sama ta fi matsewa, an ɗaure bakin buhu ne, ruwan zai koma yatsu. Ana barinsa dare da rana, a kwance sau ɗaya don wanka, na mako biyu zuwa huɗu, har awo ya daina sauka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko bandejin roba mai dogon talewa, irin na targaɗe. Shi yana matsa hannu ne lokacin da yake hutawa, ya saki lokacin da tsoka ke aiki, akasin abin da ake so, kuma da dare yana iya tsayar da jini. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Bayan kowane naɗi ki danna farce ki ga jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ki kuma gaya mata in yatsu suka yi shuɗi, ko sanyi, ko suka mutu, ta kwance nan take. Ba a naɗa wa mai gudan jini a jijiya da ba a fara magancewa ba, ko mai ciwon zuciyar da ruwa ya taru mata, ko hannun da ke cikin zafin ciwon fata. Ƙwayar sa fitsari ba ta maganin wannan kumburi, ruwa take janyewa ta bar furotin, hannun ya ƙara tauri. Huda fata ko tsaga don ruwa ya fita kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Idan hannun ya sauka sai a koma safar matsi, galibi mai ƙarfin 20 zuwa 30 na ma'aunin matsin jini ga kumburi mai sauƙi, 30 zuwa 40 ga mai tsanani, da rana kawai, tare da safar tafi don kada yatsu su kumbura. A auna ta daidai da hannun, safar da ke naɗewa a sama ta fi rashin safa illa. Ana buƙatar biyu don wanki, kuma bayan kimanin wata shida robar ta mutu. A nan ne shirye-shirye da yawa ke rushewa: a sha wahala mako huɗu, safa ba ta samu ba, cikin ɗan lokaci hannu ya koma gidan jiya. Kada a fara bandeji sai an san inda safar za ta fito. In babu ita sam, a koya wa matar da wani na gida naɗa bandejin da kansu, su yi a gabanki sau uku kafin a bar su.

Ciwon fata na ƙwayoyin cuta shi ne babban abokin gaba. Hannu ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, wani lokaci cikin 'yan awoyi. Ki zagaye jan da biro, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta a ranar, irin su amoksisilin ko fulukuloksasilin bisa umarnin likita, kilindamaisin ga wadda jikinta ba ya karɓar dangin fenisilin. Ƙa'idar masana limfidima a Birtaniya ita ce aƙalla kwana 14, domin magani ba ya ratsa kumburarren hannu da sauri, kwana biyar ba ya isa. In jan ya tsallake layi bayan awa 48, ko tana amai, ko hankalinta ya fara gushewa, sai kwanciya a yi ta jijiya. Wadda ya kama sau biyu ko fiye a shekara a duba ba ta fenisilin na kariya. Kowane kamu yana ƙara toshe hanyoyin limfa.

Alamomin da ba a riƙewa a ƙaramin asibiti: kumburin da ya zo farat ɗaya da ciwo, sabon ƙullutu a tabo ko hammata ko saman ƙashin wuya, hannun da ke rasa ƙarfi, zazzaɓi mai digiri 38 ga wadda ke kan kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Sai ciwon baya mai zagaye jiki kamar ɗamara, wanda ke tsananta da dare, tare da nauyin ƙafa ko matsalar fitsari. Wannan na iya zama cutar ta danne lakar baya, a tura ta a ranar, a kwance.

Shekaru da dama ana gaya wa mata kada su ƙara ɗaukar komai da wannan hannun. Ga macen da ke ciyar da gida da ƙarfinta, wannan hukunci ne na talauci. Binciken Kathryn Schmitz a Jami'ar Fensilbaniya, wanda ya fito a 2009, ya sa mata 141 masu limfidima a gwaji, rabinsu suna ɗaga nauyi sau biyu a mako sanye da safa. Tashin kumburi ya sami kashi 14 na masu ɗaga nauyin, a rabin da ba su ɗaga ba kuwa kashi 29. Sirrin shi ne farawa da ƙarami, kamar gorar ruwa ta rabin lita wadda nauyinta rabin kilo ne, sau goma, zagaye biyu, a ƙara kaɗan bayan zama biyu zuwa huɗu in babu sauyi, in an yi fashi na mako biyu a koma baya. Abin da ke cutar da hannun shi ne ya yi wata shida a ajiye, rana ɗaya a ɗora masa kaya. Batun awon hawan jini da ɗibar jini a wannan hannun, a fi son ɗayan in ya samu, amma hujjar haramta shi ba ta da ƙarfi, kada a hana mace magani saboda haka.

Sauran jiki ma yana da haƙƙi. Gajiyar sankara ba ta tafiya da kwanciya, tafiyar minti 30 sau uku a mako tana rage ta, a fara da minti goma, bayan an duba ƙarancin jini. Magungunan kemo na dangin takzen suna kashe yatsu da tafin ƙafa, a duba takalmi da haɗarin faɗuwa, maganin dulokzetin kuma yana taimaka wa mai jin zafi a wurin. Magungunan sankara dokzorubisin da tarastuzumab suna iya raunana zuciya, don haka haki da kumburin ƙafa ba gajiya ba ne kawai. Anastrozol da letrozol, ƙwayoyin da ake sha don hana cutar dawowa, suna sa ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi, mata da yawa kan daina sha a ɓoye, alhali magani ne na shekara biyar ko fiye. Ki tambaya kai tsaye, ba tare da faɗa ba. Maman roba ma ba ado ba ne kawai, rashin daidaiton nauyi yana karkatar da kafaɗa: a fara da mai laushi na auduga, na silikon sai ɗinki ya warke bayan mako shida zuwa takwas. A kuma yi tambaya biyu a kowane zuwa, ko tana jin baƙin ciki mafi yawan kwanaki, ko ta daina jin daɗin abin da take so a da. Maganar kwanciyar aure ba za ta ɗauko ta da kanta ba sai an buɗe mata ƙofa a keɓe. Maza ma suna kamuwa, kusan ɗaya cikin ɗari, hannunsu kuma yana kumbura kamar na kowa.

Abin da za a nema daga sama

Na farko takardar sallama mai amfani. Shafi ɗaya ya isa: wane ɓangare, wace irin tiyata, kaluluwa nawa aka cire, an haska hammata ko a'a, waɗanne magunguna, awon hannu kafin aiki, da lambar wanda za a kira. Da wannan za ki raba matan gida uku. Masu ƙaramin haɗari su sami koyarwa da takarda mai zane, ko saƙon murya a harshensu ga wadda ba ta karatu. Waɗanda aka kwashe wa hammata ko aka haska su shiga jadawalin awo. Masu kumburi mai tauri, ko kafaɗar da ba ta kai tsayinta ba bayan mako shida, ko ciwon jijiya mai hana barci, su ne rabon likitan fisiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ƙwararrun farfaɗowa ba su kai goma ba ga mutum miliyan ɗaya, don haka lokacinsu ya tafi ga rukuni na uku da koyar da ku.

Koyarwar kada ta tsaya a bita ta kwana biyu. Akwai tsarin da Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico a 2003 don ciwon hanta, mai suna ECHO, inda ma'aikatan nesa ke haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo lokaci-lokaci, kowa ya kawo matsalar majinyacinsa a tattauna. Ya dace da wannan aiki sosai, awo da hoton hannu sun isa a ba da shawara, da izinin mai hannun kuma ba tare da fuskarta ba. Inda intanet ba ta da ƙarfi, kiran waya ma yana yi. A koyar da mutum biyu a kowane asibiti, domin ɗaya za a iya yi mata sauyin wurin aiki.

Sai mai rakiya. Harold Freeman ya fara wannan a asibitin Harlem da ke New York a 1990, bayan ya ga matalautan mata suna ɓacewa tsakanin wannan ofis da wancan. Aikin mai rakiya shi ne ta san ranar kowa, ta kira wadda ba ta zo ba, ta warware abin da ya hana ta, mota ce ko mai zama da yara ko tsoro. Matan da suka warke sukan yi wannan aiki da kyau, amma a biya su, aikin sa kai zalla ba ya daɗewa. A haɗa awon hannu da ranar karɓar magani don tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu, a kuma riƙa motsa jiki a rukuni na mutum shida zuwa takwas.

Kayan matsi su shiga jerin abin da inshora ko gwamnati ke biya, a saye su da yawa a girma daban-daban. Ko a Amurka sai 1 ga Janairun 2024 inshorar gwamnati ta tsofaffi ta fara biyan kuɗin safar limfidima, bayan shekaru ana fafutuka. Kuna da abin kafa hujja: a Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurinsa na farko kan shigar da farfaɗowa cikin tsarin lafiya, shirin sankarar mama na duniya da aka ƙaddamar a 2021 kuma yana son aƙalla kashi 80 na majinyata su kammala magani, abin da sandararriyar kafaɗa da ciwon gaɓoɓi ke hanawa.

Shugabanni da lamba suke jin magana, don haka rajistar ta ƙunshi abu biyar: mata nawa suka zo da awon kafin tiyata, nawa aka gani cikin mako biyu da sallama, nawa hannunsu ya kai sama a mako na shida, nawa aka kama kumburinsu ƙasa da kashi 10, da sau nawa aka sami ciwon fata. A ƙara shafi ɗaya na waɗanda suka daina zuwa, da nisan gidansu da dalilin da suka faɗa a waya. Bayan wata shida ki kai wa shugaban asibiti da sashen tiyatar da ke turo muku su, a zauna a duba tare.